Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Salon Numfashi Ke Sauya Sakamakon Gwajin Huhu

Gwajin jini ba ya neman komai daga majiyyaci illa ya miƙa hannu, hoton ƙirji kuma abin da yake bukata shi ne mutum ya tsaya cik na ɗan lokaci. Gwajin aikin huhu ya sha bamban da su, domin majiyyacin ne da kansa yake yin aikin da na'ura take aunawa. Abin da ya hura mata shi za ta rubuta, kuma ba ta da hanyar sanin ko ƙarfin huhunsa ke nan gaba ɗaya ko kuwa ya rage wani abu a ƙirji. Shi ya sa yawancin kurakuran wannan gwaji ba daga na'ura suke fitowa ba, daga yadda aka shaƙi iska da yadda aka fitar da ita suke.

Me ake aunawa a gwajin?

Gwajin da aka fi yi shi ne na sifirometa, na'urar da likitan Ingila John Hutchinson ya bayyana wa duniya a shekarar 1846 bayan ya auna mutane sama da 2,000, inda ya lura cewa yawan iskar da mutum yake iya fitarwa yana tafiya ne da tsawonsa. A yau lambobi biyu ne ginshiƙin gwajin. Ta farko ita ce FVC, wato jimillar iskar da mutum ya fitar da ƙarfi bayan ya cika huhunsa maƙil. Ta biyu ita ce FEV1, wato iskar da ta fita a cikin sakan ɗaya na farko, ma'aunin da Tiffeneau da Pinelli suka gabatar a Faransa a 1947. Likita yakan raba ta biyu da ta farko domin ya ga kaso nawa na iskar ya fita a sakan na farko. Idan kason ya yi ƙasa, ana zargin hanyoyin iska sun matse, kamar yadda ake gani a ciwon asma da kuma cutar toshewar huhu ta dindindin da ake kira COPD, wadda ake yawan ɗaukar kashi 70 cikin 100 a matsayin iyakarta. Idan kuwa kason lafiya lau yake amma jimillar iskar ta yi kaɗan, sai hankali ya koma kan cututtukan da ke hana huhu buɗewa sosai.

To ai kowa yana numfashi dare da rana. Me zai sa mutum ya kasa yinsa daidai a gaban na'ura?

Domin abin da ake nema ba numfashin yau da kullum ba ne. Baligi da ke zaune yana hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma kowane numfashi bai wuce kamar rabin lita ba, alhali huhun namiji baligi yana iya ɗaukar kusan lita 6. Galibin mutane suna shekara da shekaru ba su taɓa cika huhunsu har ƙarshe da gangan ba, balle su matse shi har iska ta daina fita. Gwajin yana neman abubuwa huɗu a jere ba tare da tsaiko ba: a shaƙi iska da sauri har huhu ya cika, a fesar da ita da dukkan ƙarfi nan take, a ci gaba da fitarwa har ta ƙare, sannan a sake shaƙa da sauri har a cika. Kowane mataki yana da nasa kuskuren, kuma abin damuwar shi ne kowane kuskure yana kwaikwayon wata cuta ta daban.

Me zai faru idan ban cika huhuna sosai ba kafin in hura?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi wuyar ganewa, domin zanen da na'ura take fitarwa yakan yi kyau a ido, siffarsa daidai, sai dai ƙarami ne. A ɗauki misalin mutumin da FVC ɗinsa na gaskiya lita 4 ne, FEV1 kuma lita 3.2, wato kashi 80. Idan ya tsaya shaƙa saura rabin lita huhu ya cika, zai fitar da lita 3.5 gaba ɗaya, a sakan na farko kuma kamar lita 2.8. Kason yana nan a 80, amma duka lambobin sun ragu, kuma wannan ita ce ainihin siffar huhun da ya ƙanƙance. Mutum mai ƙoshin lafiya zai iya fita daga ɗakin gwaji da takardar da za ta sa a tura shi ƙarin bincike da hotuna alhali babu abin da ke damunsa.

Akwai dalili na biyu. Huhu kamar roba yake, gwargwadon yadda aka ja shi gwargwadon ƙarfin da yake komawa da shi, kuma hanyoyin iska sun fi buɗewa a lokacin da ya cika. Wanda ya fara hurawa daga ƙasa ya rasa wannan ƙarfin tun kafin ya fara. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka da takwararta ta Turai suka sabunta a 2019 sun sa shaƙar ƙarshe ta zama wajibi saboda wannan matsala: idan iskar da mutum ya shaƙa bayan ya gama hurawa ta fi wadda ya fitar da sama da mililita 100 ko kashi 5 na FVC, duk wanda ya fi yawa a cikinsu, to an tabbatar bai fara daga cikakken huhu ba, kuma ba a karɓar wannan hurawar.

Shin akwai laifi idan na ɗan riƙe numfashi in shirya kafin in hura?

Akwai. An nuna cewa shaƙa a hankali, ko tsayawa na sakan 4 zuwa 6 bayan huhu ya cika, yana rage saurin fitar iska da kuma FEV1, saboda ƙarfin komawar huhu da na ƙirji yana sassautawa idan aka riƙe su a miƙe. Abin da ake so shi ne kada tsaikon ya wuce sakan 2. Mutane da yawa sukan shaƙi iska tukuna, sannan su fara neman yadda za su sa bututun a baki, kuma a wannan ɗan lokacin ne ake yin asarar. Ya fi kyau bututun ya riga ya shiga baki kafin a fara shaƙa.

Me ya sa ma'aikacin gwajin yake ɗaga murya kamar yana faɗa da ni?

Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar ɗakin wannan gwaji ya san sautin: "Shaƙa, shaƙa, ƙara, ƙara! Hura! Ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya, saura kaɗan!" Wani ma'aikacin har yana buga ƙafa a ƙasa ko ya tafa hannu daidai lokacin da yake son a fesar da iskar. Ba rashin ladabi ba ne, wani ɓangare ne na gwajin, kuma a ganina ma'aikacin da ke jin kunyar ɗaga murya yana cutar da majiyyaci fiye da wanda ya ba shi tsoro na ɗan lokaci.

Dalilin yana cikin sakan na farko. Idan mutum ya fara fitar da iska a hankali sannan ya ƙara ƙarfi daga baya, wani ɓangare na sakan ɗin ya tafi a banza, FEV1 ya ragu, kason ya faɗi, sakamakon kuma ya yi kama da na mai asma. Na'urorin zamani suna ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar jan layi daga inda iska ta fi gudu su koma baya domin su tsayar da lokacin da ya kamata a ce an fara, amma gyaran yana da iyaka. Idan iskar da ta sulale kafin wannan lokacin ta wuce mililita 100 ko kashi 5 na FVC, duk wanda ya fi yawa, sai a sake.

Ina jin iska ta ƙare, amma ana ta cewa in ci gaba. Me ake nema kuma?

Jin cewa iska ta ƙare yana zuwa ne tun kafin ta ƙare. A wurin matashi mai lafiya tazarar ba ta da yawa, domin yakan fitar da kusan komai cikin 'yan sakanni. Amma wanda hanyoyin iskarsa suka matse, iskar takan ci gaba da tsiyaya siririya na tsawon sakan 10 ko fiye, ba ya jinta a baki, na'ura ce kawai take ganinta.

A nan kuskuren yana ɓoye cuta ne maimakon ya ƙirƙiro ta. A ce mai shan taba yana da FEV1 na lita 2.1 da FVC na gaskiya lita 3.5, kasonsa 60 ke nan, wanda ke nuna toshewa ƙarara. Idan ya gaji ya tsaya bayan ya fitar da lita 2.9, na'ura za ta raba 2.1 da 2.9 ta ba da kashi 72, lambar da ta haye iyakar nan ta 70. Sai a sallame shi a ce ba shi da toshewa, ya koma ya ci gaba da shan tabarsa hankali kwance. Ƙa'idojin 2005 sun nemi baligi ya hura na aƙalla sakan 6. Na 2019 sun ajiye wannan adadi suka koma kallon zanen kansa: ana ɗaukar an kai ƙarshe idan abin da ya fita a sakan na ƙarshe bai wuce mililita 25 ba, ko an kai sakan 15 ana hurawa, ko kuma mutum yana ta maimaita lamba ɗaya a kowane gwadawa.

Shin gaskiya ne wani lokaci hurawa da matsakaicin ƙarfi tana ba da lamba mafi girma?

Gaskiya ne, ko da yake abin yana kama da akasin hankali. Idan mutum ya matsa da dukkan ƙarfinsa, matsin da ke cikin ƙirji yana danne iskar da ke huhu ya kuma matse ƙananan hanyoyin iska, musamman ga wanda huhunsa ya riga ya rasa ƙarfin da ke riƙe su a buɗe. Irin wannan majiyyaci idan ya ɗan sassauta yana iya samun FEV1 da ya ɗan fi na lokacin da ya yi iya ƙoƙarinsa. Wannan ba dabara ba ce da za a koya wa kowa, domin lambobin da ake kwatanta sakamako da su an samo su ne daga mutanen da suka hura da cikakken ƙarfi, kuma matsakaicin ƙarfi ba ya maimaituwa: na yau daban, na watan gobe daban, likita kuma ya ɗauka cutar ce take sauyawa. Ƙwararren ma'aikaci yakan duba ƙololuwar zanen, idan ta yi tsini tun da farko ya san an yi da gaske, idan ta yi kwance kamar tudu ya san an rage.

Tari, harshe da leɓɓa fa?

Tari a cikin sakan na farko yana ɓata FEV1 gaba ɗaya, wanda ya zo daga baya kuwa ana iya haƙuri da shi. Wasu mutane maƙogwaronsu yakan rufe farat ɗaya a tsakiyar hurawa, irin rufewar da ake yi wajen ɗaga kaya mai nauyi, sai zanen ya yanke kamar an sa masa wuƙa, FVC kuma ya fito ƙarami. Harshen da ya toshe bakin bututu, ko haƙoran da suka ciji bututun har ya lanƙwashe, suna iya sa zanen ya yi kama da na mai ƙari a maƙogwaro. Leɓɓan da ba su kama bututu da kyau ba suna barin iska ta fita ta gefe, kuma saboda haka ne ake barin haƙoran roba a baki idan sun zauna daram, domin cire su yakan sa baki ya saki. Hanci kuma ana matse shi da ɗan maƙali.

Sau nawa ake maimaitawa, kuma me ya sa?

Ana neman hurawa uku karɓaɓɓu, kuma manyan lambobi biyu na FVC da na FEV1 kada bambancinsu ya wuce mililita 150 ga wanda ya haura shekara 6. Hikimar ita ce iyakar ƙarfin mutum abu ɗaya ne, zai iya kai wa gare shi sau uku, amma da wuya ya yi rabin ƙoƙari sau uku su zo daidai. Galibi ba a wuce gwadawa 8, domin gajiya tana shiga. Ga wasu masu asma kuma, shaƙa mai zurfi da hurawa da ƙarfi su kansu suna matse hanyoyin iska, sai a ga lambar tana sauka daga gwadawa zuwa gwadawa. Idan FEV1 ya faɗi da kashi 20 daga inda aka fara, ana dakatarwa, kuma wannan saukar ita kanta labari ce da likita yake son ji.

Ni mai fargaba ne, numfashina yakan yi sama-sama. Zai shafi sakamako?

A gwajin sifirometa tasirin ba kai tsaye ba ne, amma yana nan: mai fargaba yakan yi gaggawa, ya ɗaga kafaɗu ya ɗauka ya cika huhu alhali saman ƙirji kawai ya cika, sannan ya tsaya da wuri saboda tsoron shaƙewa. Inda abin ya fi tsanani shi ne gwajin da ke auna iskar da take saura a huhu bayan numfashi na al'ada, domin a can ana jira ne numfashin mutum ya daidaita a wuri ɗaya kafin a fara awo. Wanda yake numfashi da sauri ba ya ba huhu damar komawa mazauninsa, iska tana taruwa kaɗan-kaɗan, a ƙarshe a auna huhun da ya kumbura fiye da yadda yake a zahiri. Maganin ba wani abu ba ne illa lokaci. Minti biyu ko uku na zama da bututu a baki ba tare da an auna komai ba yakan wadatar.

Me ya sa a cikin akwatin gilashi ake cewa in riƙe kumatu in yi haki a hankali?

Wannan akwati, wanda DuBois da abokan aikinsa suka bayyana amfani da shi a 1956, yana auna dukkan iskar da ke ƙirji, har da wadda ba ta fita ko kaɗan, ta hanyar dokar Boyle da ta danganta matsin iska da girmanta. Ana rufe bututun na 'yan sakanni mutum yana ƙoƙarin ƙananan numfashi, na'ura kuma tana ɗaukar matsin da ke baki a matsayin matsin da ke can cikin huhu. Idan kumatu suna kumbura suna lotsewa, sun shanye wani ɓangare na matsin. Idan kuma hakin ya yi sauri, matsin cikin huhu ba ya samun lokacin isowa baki ta hanyoyin da suka matse, sai na'ura ta ƙara wa huhu girman da ba shi da shi. Saurin da ake so shi ne kamar sau ɗaya a sakan ko ƙasa da haka, wato 30 zuwa 60 a minti, wanda ya gaza saurin da yawancin mutane suke fara yi idan aka ce musu su yi haki.

A wani gwajin an ce in riƙe numfashi na sakan 10. Me ya bambanta shi?

Wannan shi ne gwajin DLCO, wanda ke auna yadda iska take ratsawa daga huhu zuwa jini. Mutum yana fitar da iska har ƙarshe, ya shaƙi wani haɗin iska mai ɗauke da ɗan ƙanƙanin kabon monoksaid (iskar da ake samu a cikin hayaƙi) cikin ƙasa da sakan 4, ya kai aƙalla kashi 90 na abin da huhunsa ke iya ɗauka, ya riƙe na sakan 8 zuwa 12, sannan ya fitar. Yadda aka riƙe numfashin yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya yi yunƙuri a lokacin riƙewar yana korar jini daga jijiyoyin huhu, sakamakon ya ragu. Wanda kuma ya ci gaba da ƙoƙarin jan iska bayan an rufe bututu yana jawo ƙarin jini cikin huhu, sakamakon ya ƙaru. Abin da ake so shi ne a riƙe a sake, ba turawa ba ja. Ana ba da tazarar aƙalla minti 4 tsakanin gwadawa domin iskar gwajin ta fita, kuma ba a wuce sau 5, saboda kabon monoksaid ɗin da ke taruwa a jini yana rage sakamako, kamar dai yadda hayaƙin taba yake yi.

Yaya ake yi da ƙananan yara da tsofaffin da ba za su iya bin umarni ba?

Yara da yawa daga shekara 3 zuwa sama suna iya hurawa idan aka mayar da abin wasa, misali a nuna musu kyandirori a allon kwamfuta su kashe. Huhunsu ƙarami ne yana ƙarewa da wuri, don haka ba a tsammanin su yi doguwar hurawa irin ta manya. Ga wanda ya kasa, akwai gwajin osilometa, inda na'ura take tura ƙananan girgizar iska cikin baki mutum yana numfashinsa na al'ada. Shi ma bai kuɓuta daga salon numfashi ba, domin haɗiyar yawu, motsin harshe, ko kumatun da ba a tallafe ba suna ɓata shi.

Me ya kamata in yi kafin ranar gwaji?

Kada a sha taba ko sigarin lantarki cikin awa ɗaya kafin gwaji, kada a yi motsa jiki mai tsanani cikin awa ɗaya, kada a sha abin da ke gusar da hankali cikin awa 8, kuma a guji tufafin da ke matse ƙirji ko ciki. Cika ciki da abinci dab da gwaji yana hana shaƙa mai zurfi. Game da maganin shaƙa, likita ne zai faɗa ko a dakatar ko a ci gaba, gwargwadon abin da yake nema. Idan ya ce a dakatar, salbutamol yana bukatar awa 4 zuwa 6, salmeterol da formoterol awa 24, tiotropium kuma awa 36 zuwa 48. Wanda numfashi ya yi masa wuya kada ya ƙi shan maganinsa saboda gwaji, ya sha ya sanar da ma'aikacin.

Ƙaramar na'urar hurawa da nake amfani da ita a gida fa?

Ita tana auna ƙololuwar saurin iska ne kawai, wanda ke faruwa a ɗan ƙiftawar farko, saboda haka ta fi kowane gwaji dogara da ƙoƙarin mai hurawa. Ba a bukatar doguwar hurawa, gajeriya mai ƙarfi ake so, sau uku, a rubuta mafi girma. Toshe bututu da harshe a sake shi farat ɗaya, kamar mai tofar da abu, yana harba allurar sama ya ba da lambar ƙarya, kuma wasu masu asma sukan saba da yin haka ba tare da sun sani ba. Tun da aikin huhu yakan yi ƙasa da asuba ya ɗaga da yamma, kwatanta lambar safe da ta yammacin wata rana ba ya nuna komai.

Na ji jiri a lokacin gwaji. Akwai hatsari?

Jiri abu ne da aka saba gani, domin matsin ƙirji yana rage jinin da ke komawa zuciya na ɗan lokaci, kuma shi ya sa ake yin gwajin a zaune kan kujera mai hannu marar taya, ƙafafu a ƙasa, baya a miƙe. Mutum ya faɗa da zarar ya ji, a dakata ya huta. Dole ne kuma a sanar da ma'aikacin idan an samu bugun zuciya, wato toshewar jijiyar jinin zuciya, ko aikin ido cikin mako guda, ko aikin ƙirji, ciki ko ƙwaƙwalwa cikin mako 4, ko kuma ana zargin tarin fuka.

An rubuta wani harafi a kan takardar sakamakona. Mene ne ma'anarsa?

Darajar ingancin hurawar ce, ba darajar lafiyar huhu ba. Harafin A yana nufin an samu hurawa uku karɓaɓɓu da suka dace da juna cikin mililita 150, harafin F kuma yana nufin babu ko ɗaya da za a iya amfani da ita, sauran suna tsakani. Likitan da ya ga D ko E yana iya amfana da takardar idan lambobin sun fito lafiya, tun da rashin ƙoƙari galibi rage FVC da FEV1 yake yi, amma sai ya kula da kason idan an tsaya da wuri. Idan lambobin sun fito ƙasa kuma darajar ba ta da kyau, abin da ya dace shi ne a sake gwajin wata rana kafin a ɗora wa mutum sunan cuta ko a sauya masa magani, kuma majiyyaci yana da damar ya nemi a yi hakan.